Kada a sake zama a kan ɗanmu ba ma wurin

Alhaji shugaba, a yi mini afuwa, zan ajiye rahoton walwala gefe tukuna, domin abin da ya samu wata 'yar uwarmu a watan nan ya fi rahoton nauyi a raina. Ba zan kama sunanta ba. Ta yarda in faɗi labarin ne don wasu su amfana, wanda ya gane ta kuma ya bar wa cikinsa.

Ɗanta shekararsa 7, yana da jinkirin magana, makaranta tana haɗa shi da mai koyar da magana tun shigarsa. An yi zaman shekara a kan yaron nan, an rage masa lokacin mai koyar da maganar, an sauya masa aji, daga ita har maigidanta babu wanda ya halarta. Sai da yaro ya fara tirjewa da safe, yana kuka a bakin motar makaranta, sannan ta zazzage jakarsa. Takardar gayyata tana can ƙasan jaka, ta cukurkuɗe da takardun zane-zane, kwanan watan da ke jikinta ya daɗe da wucewa. Da aka je makaranta aka yi magana, suka buɗe fayil: ga ranar da suka kira, ga ranar da suka sake kira, ga kwafin wasiƙa. Lambar da suka yi ta bugawa tsohuwar lambar maigidan ce, wadda ya daina aiki da ita tun bara. Baiwar Allah nan tana ba da labari tana share hawaye da bakin mayafi, abin da take ta maimaitawa shi ne, "Da na sani ai ko da rarrafe sai na je."

'Yan uwa, wannan zama shi ake kira taron IEP, wato zaman rubuta tsarin karatu na musamman ga yaro, kuma duk wanda ke da yaro mai buƙata ta musamman a makarantar gwamnati a Amurka zai ci karo da shi, ko rashin ji ne, ko rashin gani, ko otizim, ko wahalar gane karatu. Dokar tarayya ce ta kafa shi, dokar IDEA ta ilimin yara masu nakasa, wadda asalinta tun 1975 ne, aka yi mata babban gyara na ƙarshe a 2004. Tana ba yaro daga shekara 3 zuwa 21 haƙƙin samun karatun da ya dace da shi kyauta, da tsari a rubuce wanda ake sabuntawa aƙalla sau ɗaya a shekara. A jerin mutanen da doka ta ce su zauna su tsara wannan takarda, iyaye ne a farko. Bayansu sai malamin aji, da malamin ilimi na musamman, da wakilin hukumar makarantu wanda ya san abin da suke da shi na ma'aikata da kayan aiki, da wanda zai iya fassara sakamakon gwajin da aka yi wa yaro. Kujerar uwa da ta uba doka ce ta ajiye su a teburin nan. To wannan kujera ita aka bari babu kowa ranar da aka rage wa yaronmu lokacinsa.

Ku saurari abin da ke wuyan makaranta, don ku san abin da za ku nema. Dole su sanar da ku da wuri yadda za ku iya shiryawa. Dokar tarayya ba ta ƙayyade kwanaki ba, jihohi ne suka yanka nasu: a nan Maryland kwana 10 ne kafin zaman, waɗanda ke da 'yan uwa a Texas su gaya musu nasu kwana 5 ne na makaranta. Takardar kuma dole ta faɗi dalilin zaman, da lokaci, da wuri, da waɗanda za su halarta. A nan jihar akwai ƙarin gata: kwanakin aiki 5 kafin zaman su aiko muku da rahotannin gwaji da daftarin tsarin da za a tattauna, kwanakin aiki 5 bayan zaman kuma su ba ku kammalallen kwafi, ba da ko sisinku ba. Idan ba a aiko ba, ku tambaya a rubuce. Lokaci da wuri kuwa sai wanda ɓangarorin biyu suka amince da shi. Ranar da suka rubuto ba wahayi ba ce. Mai aikin dare a asibiti, da mai tuƙin haya, da mai jego, kowa yana da damar ya ce ranar nan ba ta yi mini ba, ga ranaku biyu ko uku da zan samu. In zuwa da ƙafa ba zai yiwu ba, a haɗa ku ta waya ko ta bidiyo, ko da daga cikin mota ne a lokacin hutun aiki.

Amma ga inda 'yar uwarmu ta faɗa. Doka ta yarda makaranta ta zauna babu iyaye idan ta yi ƙoƙarin samun su ta kasa, matuƙar ta ajiye shaida: kiran waya da sakamakonsa, kwafin wasiƙu da amsar da aka samu, ziyara gida ko wurin aiki in an yi. Sa hannunku na amincewa ana buƙatarsa kafin gwajin farko da kafin a fara wa yaro hidimar karon farko. Bayan nan, a yawancin canje-canje, idan sun rubuto sun sanar kun yi shiru, aiki zai ci gaba. Shirun da muke yi na girmama malamai, a fayil ɗinsu ana rubuta shi ne a matsayin iyaye ba su amsa ba.

Abin yana ci mini rai saboda a gida haka ba za ta faru ba. A Gangare ko Anguwan Rogo da ke Jos, idan malam ya aiko a kira uban yaro, kafin la'asar saƙo ya isa har rumfarsa a kasuwar Terminus, in ba ya gari kawu ya je, in kawu ba ya nan maƙwabci ya sa hula ya wakilce shi. Nan ba mai ɗauko saƙo ya biyo ka. Ambulan ne a akwatin wasiƙa a tsakanin takardun talla, ko imel a manhajar makaranta wadda kalmar sirrinta ta ɓace tun ranar da aka buɗe ta. Saboda haka gobe Litinin kowa ya kira ofishin makarantar 'ya'yansa ya tabbatar da lambar waya, da imel, da adireshin da ke hannunsu, ya sa lambar uwa da ta uba duka. A riƙa buɗe jakar yaro kowace yamma. Wanda ya sauya gida ko layi, makaranta ce wuri na farko da zai sanar.

Sai batun tafinta, kuma a nan zan ɗan taɓa mu. Ranar rajista ana ba mu fom a tambaye mu yaren da ake yi a gida, mu kuma don mun fito daga Najeriya sai mu cika Turanci, alhali Hausa ake yi daga safe har dare. Daga ranar makaranta ta ɗauka ba ma buƙatar kowa. Jin Turancin kasuwa da na wurin aiki daban, zama a gaban ƙwararru 6 ko 7 suna jera maki da alƙaluman gwaji a cikin awa guda daban. Dokar ta ɗora wa makaranta ta yi duk abin da ya kamata don iyaye su fahimci abin da ake faɗa a zaman, har da kawo tafinta ga wanda yarensa ba Turanci ba ne da kuma kurame, su ne kuma za su biya. Ku nema a rubuce tun ranar da gayyata ta iso, ku rubuta Hausa ɓaro-ɓaro, don kada a ji Najeriya a kawo muku mai Yarbanci. Kuma don Allah kada a ɗauki yayar yaro 'yar shekara 12 a zaunar da ita ta fassara bayanin lalurar ƙaninta. Nauyi ne da bai kamata a ɗora mata ba, kuma rabin maganar a hanya zai zube. Wannan batun yare ya shafi yaron ma: doka ta ce a gwada shi da yaren da zai fi nuna ainihin abin da ya sani, kuma ƙarancin Turanci shi kaɗai ba dalili ba ne na cewa yana da nakasa. Yaron da ya sauka daga Jos wata 6 da suka wuce ya yi shiru a aji, a bincika da kyau kafin a liƙa masa suna.

Idan kun shiga ɗakin, kada kwarjinin takardu ya rufe muku baki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwar da ta san ƙarar injin busar da hannu ce ke firgita ɗanta, ko ta san yana gane magana idan an nuna masa hoto, ta riƙe ilimin da babu shi a rahoton kowa. Ku rubuta damuwarku a takarda tun daga gida, ku ce a shigar da ita cikin tsarin. Duk hidimar da aka ambata ku tambayi sau nawa a mako, minti nawa, shi kaɗai ko cikin rukuni, a cikin aji ko za a fitar da shi, daga wace rana. Minti 30 sau biyu a mako da minti 30 sau biyu a wata a baki kusan ɗaya suke, a rayuwar yaro kuwa tazara ce mai nisa, kuma irin wannan ragin aka yi wa ɗan 'yar uwarmu. Duk burin da aka rubuta ya zama wanda za a iya aunawa, ku kuma tambayi yaushe za a riƙa aiko muku da rahoton ci gaba. A 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa tsarin yaro dole ya zama wanda zai sa ya ci gaba daidai da halin da yake ciki, ci gaban jeka-na-yi-ka bai wadatar ba. Idan aka miƙo takarda, ku tambaya: wannan ta halarta ce ko ta amincewa? Ba dole ba ne ku sa hannun amincewa nan take, ku ce za ku je gida ku karanta. In aka ce ɗaya daga cikin waɗanda doka ta wajabta ba zai zo ba, sai da yardarku a rubuce. Abin da kuka nema aka ƙi, ku ce a ba ku ƙin a rubuce tare da dalili, haƙƙinku ne. Wanda bai gamsu da gwajin makaranta ba yana iya neman gwajin wani ƙwararre na waje a kan kuɗin hukuma. In abu ya ƙi daidaituwa akwai sulhu kyauta, akwai ƙorafi ga ma'aikatar ilimi ta jiha cikin shekara 1, akwai shigar da ƙara cikin shekara 2. Masu manyan yara su lura, a jihar nan daga shekara 14 ake fara tsara abin da yaro zai yi bayan sakandare, kuma shi ma ana gayyatarsa zaman.

Na san abin da ke riƙe wasunmu, ba rashin lokaci kaɗai ba ne. Kunya ce. Akwai yaran da ba mu taɓa gani a taron Sallah ba, ana barin su gida don gudun bakin mutane. Akwai masu tsoron cewa zuwa makaranta zai tono batun takardun zama. Tun 1982 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda takardun zama, kuma zaman nan na karatun yaro ne. Kunyar kuma ta mece ce? Mu fa 'yan Filato ne. Makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953. Jami'ar Jos ta daɗe tana yaye malaman ilimi na musamman da ke koyarwa a faɗin Najeriya. A gida sai a 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, kuma iyaye da yawa a Dilimi da Rikkos har yanzu suna neman irin damar da ake aiko mana har akwatin wasiƙa muna barin ta a jaka. Lalura daga Allah take, kula da ita kuma amana ce a wuyanmu. Iyaye maza, da ku nake: kada a bar wa mata wannan zama su kaɗai. A nemi awa biyu a wurin aiki a je.

Game da 'yar uwarmu, iyaye suna da damar neman sabon zama a kowane lokaci ba sai shekara ta zagayo ba, kuma an riga an taya ta rubuta wasiƙa tana neman a sake zama, da tafintan Hausa, da kwafin duk fayil ɗin yaron kafin ranar. Doka ta ba ta damar zuwa da wanda ya san yaron ko ya san harkar, don haka ba za ta shiga ɗakin nan ita kaɗai ba. Ina roƙon mu mayar da wannan ɗabi'ar ƙungiya. Muna da malaman makaranta a cikinmu, muna da ma'aikatan jinya. Ina neman mutum 4, mata biyu maza biyu, waɗanda za a turo wa hoton takarda su karanta su yi bayani a ranar, su kuma raka iyaye in an buƙata, da sharaɗin sirrin gidan mutane ya tsaya a wurinsu. Akwai kuma cibiyar Parents' Place of Maryland da ke ba iyaye shawara kyauta a kan wannan harka.

Rahoto a gurguje: an je barkar haihuwa, an je ta'aziyya, an duba marar lafiyarmu kuma yana samun sauƙi, Allah Ya ƙara afuwa. Bayanin asusu yana hannun ma'aji, amma kuɗin wata ya yi baya ƙwarai, kuma daga cikinsa za a biya kuɗin mota da na mai zama da ƙananan yara ranar da uwa za ta je zaman makaranta. Wanda ake bi ya ga ma'aji kafin ya fita. Masu son shiga cikin mutum huɗun nan su same ni a bakin ƙofa bayan addu'a, wanda kuma ke da takardar makaranta a gida da bai gane kanta ba ya ɗauki hotonta ya turo mini yau da dare.