Oleo: Manhajar Lissafin da GNU Ta Jingine

Ku yi tunanin wani baƙin allon kwamfuta. Babu hoto, babu maɓallin da za a danna da linzamin kwamfuta, haruffa da lambobi ne kawai a jere. Amma lissafi ake yi a nan, irin wanda kuke yi a Excel. Sunan manhajar GNU Oleo, daga GNU, wato shirin samar da manhajojin kyauta da kowa zai iya gyarawa.

Jay Fenlason ne ya fara rubuta ta, daga baya Tom Lord ya ci gaba da aikin a farkon shekarun 1990. A lokacin jadawalin lissafi a kwamfuta ya riga ya zama sana'a mai tsoka: VisiCalc ta fito tun 1979, Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983 ta cinye kasuwa. Sai dai duk na kuɗi ne, kuma ba ka da ikon leƙa cikinsu balle ka gyara. Masu aiki da tsarin sarrafa kwamfuta na Unix da ke son manhajar lissafi ta kyauta kusan abu guda gare su, wato sc, wadda asalinta aikin James Gosling ne, mutumin da daga baya ya ƙirƙiro harshen rubuta manhaja na Java.

To ga yadda ake aiki da Oleo. Hannuwanka biyu ba sa barin madannai. An ɗauko tsarin umarninta daga Emacs, wata manhajar rubutu ta GNU, saboda haka in kana son sauka layi na gaba sai ka danne Control ka taɓa N, in sama za ka koma kuma P. Wanda ya saba da Emacs zai ji kamar gidansu ya shiga. Wanda bai saba ba kuwa, Allah ya ba shi haƙuri, domin ko hanyar fita sai ya tambaya.

Me ya kashe ta? A ganina ba lissafin ne ya gaza ba, mutane ne suka sauya. Sun ɗanɗana tagogi da launuka, kuma kowa fayil ɗin Excel yake aiko maka. Masu kula da Oleo sun yi ƙoƙarin yi mata fuskar hoto da Motif, wata manhajar gina tagogi wadda a lokacin ba ta kyauta ba ce, dole aka jingina da LessTif, kwaikwayonta na kyauta. Ana cikin haka Miguel de Icaza ya fara Gnumeric a 1998, wata manhajar lissafi ta kyauta wadda tun farko da tagogi aka haife ta. A 2000 kamfanin Sun ya saki lambobin da aka gina manhajar ofis ta StarOffice da su ga kowa, aka samu OpenOffice.org, wadda ita ma tana da jadawalin lissafi. Daga nan kasuwa ta watse wa Oleo.

Fitowarta ta ƙarshe ita ce 1.99.16, a shekarar 2001. Ku lura da lambar, ko 2.0 ba ta kai ba. GNU da kanta Gnumeric take nuna wa masu nema.

Ita kuwa sc ta yi jika, sc-im, mai bin tsarin madannan manhajar rubutu ta Vim. Har yau masu kula da sabar (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima) da ba ta da allon hoto suna shiga ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, su buɗe fayil ɗin jadawali na CSV da ita, su gyara lambobinsu su fita.