Karatun Yaro Daga Kunne Yake Farawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu mata, iyaye maza, malamai, barkanmu da war haka.

Bari in fara da abin da duk wanda ke zaune a nan ya sani. Yaron da aka kai makarantar allo, ba a fara shi da rubutu. Zama yake yi a gefe yana jin na gaba da shi suna biyawa, har ya riƙe Fatiha da ƙananan surori da ka. Sai daga baya a rubuta masa babbaƙu, sannan farfaru. Magabatanmu sun san kunne ke riga ido. Amma da aka zo boko, sai muka ɗauka karatu na farawa ne ranar da aka ɗinka wa yaro yunifom.

Kuma muna ganin sakamakon. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2022 ya nuna cewa a Afirka kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 masu shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. Gwajin da aka yi wa 'yan firamare a Bauchi da Sakkwato ma ya nuna da yawansu ko kalma ɗaya ta Hausa ba sa iya karantawa. Hausar da suke magana da ita tun safe har dare, fa!

To me za a yi a gida? Uwa, ki ɗora shi a cinya, ki buɗe littafi mai hotuna, ki sa yatsa a kan layin da kike karantawa. Wannan yatsan yana aiki fiye da yadda kike zato. Da shi yaro ke gane cewa maganar da ke fita daga bakinki tana nan a kan takarda, kuma rubutun boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, saɓanin na allonsa. In Gizo ya shiga uku, ki dakata. Ki ce, "Kai, yanzu ya zai yi?" Ki bar shi ya yi ta shirmensa, ki saurara. Gobe zai ce a sake wannan littafin dai, jibi ma haka. Kada ki ƙosa. A maimaicin ne wata rana zai riga ki faɗin kalma, ya nuna miki ita da hannunsa.

Na san wata za ta ce, "Malam, ni ban yi boko ba." Hajiya, hoton ai kina gani, kuma tatsuniya ba wanda ya fi ki. Ki ba da labarin daga hoton, rubutun kuma ki sa yayarsa 'yar sakandare ta karanta bayan sallar isha'i.

Sai maganar laburare. Ku shiga ɗakin karatu na Murtala Muhammed a Kano, ko na kowace jiha, yawanci masu shirin WAEC da JAMB za ku tarar. Mu iyaye ne ba ma kai ƙananan. Ku je ku tambayi ma'aikata inda littattafan yara suke; in ana yawan tambaya, hukuma za ta san ana buƙata. Gaskiya ne littattafan Hausa na yara sun yi ƙaranci, kasuwa ta fi cika da na manya. Amma mai babbar waya zai samu labaran Hausa kyauta a shafin African Storybook.

Ku kuma hedimastoci, ina roƙonku, ku daina kulle littattafai a kabad don gudun kada su yage. Akwati ɗaya ya isa aji guda: yaro ya ara ran Juma'a, ya dawo da shi Litinin. In ya dawo da tabon miya, a goge, kada a dake shi, domin wanda aka doka ba zai sake arowa ba.

Na ga lokaci ya ja. A miƙa wa masu tambaya lasifika, mu fara da ɓangaren mata.