Rangwamen Gem a Steam: Dala 15 Ɗin Nan, Nawa Ce a Birnin Kebbi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau zancen kuɗi za mu yi, kuɗin gem ɗin kwamfuta.

Ku dubi allo. Wannan shafin Steam ne. An rubuta dala 60, an ja layi an soke ta, an sa dala 15 a ƙasa, ga kuma koren akwati mai ɗauke da ragin kashi 75 cikin ɗari. Duk mai son gem da ya ga haka sai ya ce banza ta faɗi. To, ɗan dakata da ɗauko katin banki. Bari mu ga wa ya karya farashin nan, me ya sa sai yau ya karya shi, kuma nawa ne zai fita daga aljihun wanda ke zaune a unguwar Badariya ko Gesse a nan Birnin Kebbi.

Steam kasuwar gem ce ta intanet, mallakar kamfanin Valve na Amurka, kuma tun 2003 take ci. Babu faifai, babu kwali. Ka biya, ka sauke, shi ke nan. Kamfanonin da suka ƙera gem ɗin su ne masu kaya, su ke sa farashi, su ke cewa a rage ko kada a rage. Valve la'ada yake karɓa, kashi 30 cikin ɗari na kowane ciniki. Idan gem ya sayu har ya haura dala miliyan 10 la'adar ta koma kashi 25, in ya wuce miliyan 50 ta sauko zuwa 20.

Babban rangwame sau huɗu ake yi a shekara. Akwai na watan Maris, lokacin da zafi ya fara gasa mu a nan. Akwai na ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, daidai lokacin da damina ta kankama, kuma mako biyu yake yi. Akwai na kaka, wanda shekara da shekaru ake haɗa shi da Black Friday, ranar karya farashin kaya ta Amurka, a ƙarshen Nuwamba, sai a 2025 aka matso da shi ƙarshen Satumba. Sai na ƙarshen Disamba, cikin ɗarin hunturu, shi ma mako biyu, har ya tsallaka sabuwar shekara. Ana buɗewa da ƙarfe 10 na safe agogon yammacin Amurka, wato 6 na yamma agogonmu a watan Yuni, 7 na dare a Disamba. Wanda ya samu barka da Sallah a 2024 ko 2025, Babbar Sallah ta faɗo cikin Yuni ne a shekarun biyu, da ya riƙe kuɗinsa makonni kaɗan, da ya tarar da kasuwar a buɗe.

Yanzu ga tambayar da ta fi komai muhimmanci a bidiyon nan. Me ke sa mai kaya ya yarda ya zubar da kashi uku cikin huɗu na kuɗinsa?

Mu a Kebbi mun san yadda farashi ke karyewa. In sabuwar albasa ta fito a Aliero, buhu sai ya zama abin tausayi, domin ta yi yawa kuma ba ta jure ajiya. Manomi ya sayar ko ta ruɓe masa. Wata biyar ko shida gaba, buhun nan ya yi tashin gwauron zabi. Gem kuwa ba ya ruɓewa, ba ya cin wurin ajiya, ba ya ƙarewa a rumfa. An riga an kashe kuɗin ƙera shi tun farko. Kwafi na miliyan ɗaya da na farko duk ɗaya ne, kuma fitar da shi kusan ba ya cin komai. Saboda haka babu wani matsi da ya tilasta wa kamfani ragi. Da gangan yake yi, kuma tun kafin gem ya fito an san za a yi.

Lissafin shi ne, mutane ba su da aljihu ɗaya, ba su da haƙuri ɗaya. Ranar da gem ya fito, akwai masu ɗokin da ko nawa aka ce za su biya. A tatsi waɗannan tukuna a cikakken farashi. Bayan wasu watanni a rage kashi 20 ko 30, masu ɗan jinkiri su shigo. Shekara ta zagayo a raba farashi biyu. Bayan shekara uku ko huɗu sai ka ga 75 ko 80, domin wanda ya rage a lokacin shi ne mutumin da har abada ba zai biya dala 60 ba, kuma dala 15 ɗinsa ta fi babu. Kaya ɗaya, an sayar wa kowa gwargwadon ƙarfinsa. Idan ka gane wannan, agogon nan da ke ƙirga sa'o'in da suka rage a kan shafi ba zai ƙara firgita ka ba. Gem ɗin da aka rage a Yuni, galibi za a sake rage shi a Disamba, wani lokaci ma fiye da haka.

Na ce galibi, domin akwai masu taurin kai. Factorio, na wani ƙaramin kamfani a ƙasar Cek, masu shi sun ce ba sa rangwame, kuma ba su yi. In shi kake jira, za ka daɗe.

Valve ya gindaya wasu ƙa'idoji don kada abin ya zama wasa da hankali. Idan kamfani ya ƙara wa gem kuɗi, sai ya jira kusan wata guda kafin a bar shi ya sa ragi, don kada a ɗaga farashi yau a ce an karya gobe. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ma ta tilasta a nuna mafi ƙarancin farashin da kaya ya yi cikin kwana 30 da suka wuce. Mu ba a nuna mana wannan, amma akwai shafuka irin su SteamDB da IsThereAnyDeal. Ka rubuta sunan gem, su fito maka da tarihin farashinsa tun fitowarsa. In ka ga ya taɓa sauka dala 10 sau uku, kuma yau ana yi maka shelar dala 15, ai ka san ba a kai ƙasa ba tukuna. Kuma babu dalilin rububi a daren farko. Da can ana yin ragin 'yan sa'o'i, wanda ya yi barci ya rasa, amma an daina wannan tun 2015. Yanzu farashin ranar farko shi ne na ranar ƙarshe.

To, mu dawo gida.

Steam ba ya karɓar naira. Ɗan Najeriya da dala yake saye. Afirka ta Kudu tana da farashi da kuɗinta, Indiya da Brazil ma haka, kuma sau da yawa kamfanoni kan sassauta wa irin waɗannan ƙasashe. Turkiyya da Ajantina sun daɗe suna shan wannan romo, har mutane daga ko'ina suka riƙa yin ƙaryar can suke zaune. A Nuwamban 2023 Valve ya mayar da su dala, amma ya buɗe musu rukunin farashi mai sauƙi, har da ƙasashe irin su Masar da Maroko da Aljeriya a ciki. Mu ba mu shiga wannan rukuni ba. A ganina wannan ba adalci ba ne, amma haka abin yake.

Ku ɗauko kalkuleta. A farkon 2023 farashin dala a hukumance wajen naira 460 ne, ko da yake a wurin 'yan canji ta fi haka nesa. A wancan farashi na banki, gem na dala 60 zai kama naira 27,600. A watan Yunin shekarar Babban Banki ya saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa, kafin a ankara a farkon 2024 dala ta haura 1,500. Mu ɗauki 1,500 don sauƙin lissafi, kai kuma ka duba farashin ranar da kake kallon bidiyon nan. Dala 15 ta zama naira 22,500. Kun gani? Abin da za ka biya yanzu bayan ragin kashi 75, kaɗan ya rage ya kamo cikakken farashin da. Rangwamen bai ba mu riba ba, faɗuwar naira kawai ya ɗan rama mana.

Sabbin manyan gem kuwa sun bar dala 60. Tun 2020 aka fara sa 70, kuma a 2025 kamfanin Nintendo ya kai wani nasa dala 80. Dala 70 naira 105,000 ce. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato albashin wata ɗaya da rabi a kan gem guda. Shi ya sa nake cewa a wurinmu jiran rangwame ba rowa ba ne, ita ce kaɗai ƙofar da ke buɗe.

Sai biyan kansa. An yi shekaru katunan naira ba sa aiki a shafukan waje, sai a tsakiyar 2025 wasu bankuna suka dawo da abin, kowanne da iyakar da ya sa. Da yawa sun koma katin dala na manhajojin waya. Ko wanne ka bi, canjin da za a yi maka ba shi ne wanda ka gani a labarai ba, kuma akwai 'yan kuɗin caji. Ka ƙara wani abu a kan lissafinka.

Ga kuma kuɗin da koren akwatin ba ya faɗa, wato data. Red Dead Redemption 2 yana neman wajen gigabait 150 a kwamfuta. GTA V ma yana kusa da 100. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Ka lissafa nawa kake sayen gigabait 100 a layinka, ka haɗa da na gem. Za ka iya tarar da gem na dala 5 wanda saukewarsa ta fi sayensa tsada, ban da kwanakin da zai ɗauka in sabis na rawa ko an ɗauke wuta a tsakiya. Ƙaramin gem mai gigabait biyu ko uku da ragin kashi 40 kacal yakan fi wannan sauƙi a jimla. Girman yana nan rubuce a ƙasan shafin kowane gem, tare da irin kwamfutar da zai iya tashi a kanta. A karanta wurin nan don Allah. Yawancin laftof ɗin da muke saye na hannu an yi su ne don aikin ofis.

In ka saya ya ƙi tashi, Steam na mayar da kuɗi, matuƙar ba ka wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga shi ya kai awa biyu ba. Har ma in ka saya jiya a cikakken farashi, yau aka sa ragi, kana iya mayarwa ka sake saye, Valve da kansa ya ce wannan ba laifi ba ne. Datar da ka ƙona dai ta tafi.

'Yan ƙwallo, ku matso. Wanda muke kira FIFA, tun 2023 ya koma EA Sports FC, kuma kowace shekara a ƙarshen Satumba sabo ke fitowa. Irin wannan gem shi ne ya fi saurin karyewa, domin kwanansa a ƙirge yake. Kafin ƙarshen Disamba yakan sauka sosai. Amma in ka gan shi a ƙasa warwas a watan Yuni ko Yuli, ka tuna saura wata biyu ko uku magajinsa ya iso, abokan bugawarka na intanet su watse su koma can. Mai gidan gem da yara ke biya su buga da juna a kujera ɗaya, shi wannan bai dame shi ba, tsohon ma zai yi masa aiki. Na kamfanin Konami kuwa, PES ɗin da, tun 2021 ya zama eFootball kuma kyauta ake sauke shi, sai dai kasuwar tana ciki.

Wannan dabara ta kyauta a waje, ciniki a ciki, ta yaɗu. The Sims 4 kyauta ne tun 2022, amma ƙarin kayan da ake sayarwa a kansa sun kai ɗaruruwan daloli. Idan ka ga an rage wa gem kashi 90, gangara ƙasa ka duba jerin ƙarin da ke biye da shi.

Kyauta ta gaskiya tana wajen Epic Games Store, abokin hamayyar Steam da aka buɗe a ƙarshen 2018, mai karɓar la'adar kashi 12 kacal. Duk ranar Alhamis suna ba da gem kyauta, a ƙarshen Disamba kuma kusan kullum. A watan Mayun 2020 da suka ba da GTA V, cunkoso sai da ya durƙusar da shafin. Ba sai ka sauke nan take ba. Ka danna ka karɓa, ya zauna a asusunka har ranar da ka samu data.

Masu tallan asusun Steam cike da gem a WhatsApp da Telegram a kan 'yan dubbai, a yi hattara da su. Sayar da asusu ya saɓa wa ƙa'idar Steam, kuma wanda ya buɗe shi tun farko yana iya ƙwace abinsa duk ranar da ya ga dama. Lambobin buɗe gem a Steam da ake sayarwa a waje da arhar banza kuma, wasu da katin sata aka saye su, wasu an kulle su ga wata ƙasa daban, ba za su buɗe a nan ba.

Saura abu ɗaya. Abin da kake biya a Steam izinin bugawa ne, kuma tun Oktoban 2024 sun fara rubuta haka ƙarara a wurin biya. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe na'urorin da ke riƙe da gem ɗin tseren mota The Crew, duk wanda ya saya ya wayi gari ba ya buɗuwa. Maƙwabtanmu na Zamfara kuma sun ga yadda aka rufe layukan waya gaba ɗaya a Satumban 2021, ranar da duk gem mai buƙatar intanet ya zama hoto. Don haka kafin ka biya, duba ko gem ɗin yana tashi ba tare da intanet ba. Shagon GOG, wanda aka fara a Poland a 2008, yana ba ka fayil ɗin girkawa ka adana a ma'ajiyar kwamfutarka, ka girka duk sanda ka so ba tare da neman izinin kowa ba, kuma su ma suna nasu rangwamen a Yuni da Disamba. In gem ɗin da kake so yana shagunan biyu a farashi ɗaya, ni na GOG zan ɗauka.