Sharhi: Magarya Da Aduwa Ma Sun Cancanci Gurbi A Ƙofar Gida

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Ruwa ya zauna, ƙasa ta sha, kuma kamar kowace shekara an shiga lokacin dashen itatuwa. Hukumomi da makarantu da ƙungiyoyin matasa suna ta rabon dashe, masu sabon gini kuma suna tsayawa wurin masu sayar da fulawa a bakin titi su zaɓi abin da za su sa a ƙofar gida. Wannan abin a yaba ne. Sai dai duk wanda ya leƙa ledojin da ake rabawa zai ga kusan iri uku ne ke yawo: darbejiya, da bishiyar turare, da doguwar siririyar nan mai ganye a sunkuye da ake jerawa a jikin katangar gidajen masu hali. Darbejiya da siririyar daga yankin Indiya suka zo mana, turare kuwa daga Ostareliya. Da wuya ka ga an miƙa wa mutum magarya ko aduwa ko marga a leda an ce ya kai gida ya dasa. Sharhinmu na yau a kan waɗannan ƙananan itatuwa namu na gado ne, su da irin su sabara da geza, waɗanda muka sallama wa daji da gatari.

Ba cin fuskar darbejiya muka zo yi ba. Tun da aka shigo da ita Borno a 1928 take yi mana inuwa, kuma duk wanda ya san zafin Maiduguri ko Sakkwato a watan Afrilu ya san hakkin da take da shi a kanmu. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, layukan darbejiya da aka fara dasawa a 1975 sun tare iska, sun ceci gonaki. Amma babbar bishiya ce, tana kai mita 15 har 20, filayen da ake yankawa a birane yanzu kuwa ƙanana ne. Mai fuloti zai dasa ta taku biyu daga katanga, bayan wasu shekaru saiwa ta tsaga gini ko ta kutsa salga, reshe ya hau wayar lantarki, sai a kira mai gatari. Daga nan maigida ya ce shi da bishiya har abada, ya malale tsakar gida da siminti, zafi ya ƙaru a kan iyalinsa. Ga kuma haɗarin dogaro da iri ɗaya. A shekarun 1980 wani ƙwaro ya auka wa darbejiya a yankin Tafkin Cadi, itatuwa masu yawa suka bushe. Garin da duk inuwarsa iri ɗaya ce, cuta ɗaya ta isa ta tuɓe shi.

To, mu ɗauki magarya. Ba ta cika wuce mita 6 zuwa 8 ba, kuma tana jure sassabe, kana iya tsayar da ita a tsayin da kake so. Idan ta kama ƙasa ba ta jiran kowa ya ba ta ruwa da rani. Wajen ƙarshen damina takan yi 'yan furanni ƙanana masu kore-kore, ba su ɗaukar ido, amma ka tsaya a ƙarƙashinta da hantsi ka ji gunjin ƙudan zuma kamar za su ɗaga ta. Zumar nan ta ƙasar Yaman da alhazai ke sayowa da tsada, daga furen 'yar'uwarta kurna take fitowa. Sanyi na shigowa 'ya'yan su nuna su yi ja, yara su tsinta, tsuntsaye su ci, mata su daka su fitar da gari mai zaƙi. Ganyenta abincin awaki ne, kuma shi ake nema idan an yi rasuwa za a yi wankan gawa. A manyan biranenmu yau sai ka ga an tura yaro a kan babur yana bin unguwa-unguwa yana cigiyar ganyen magarya, alhali ana cikin jimami ana jiran a haɗa mamaci. Da a ce kowane masallacin unguwa yana da guda ɗaya a harabarsa, da wannan wahalar ta kau. Wanda kuma yake son 'ya'ya manya, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta daɗe da nuna cewa ana yi wa magaryarmu aure da wani iri daga Indiya, gindin ya zama namu mai jure fari, 'ya'yan kuma su fito manya masu ruwa, har ana kiransu tuffar Sahel.

Aduwa kuwa, a tsakiyar bazara lokacin da daji ya yi fari fat, za ka hange ta kore shar. Da itacenta ake sassaƙa allo, daga ƙwallonta ake tatsar mai, 'ya'yanta kuma kowa ya tsotse su yana yaro. Amma akwai wani amfaninta da ba mu cika lura da shi ba. Wasu masana tsuntsaye daga ƙasar Holan sun shafe shekaru suna bin itatuwan Sahel ɗaya bayan ɗaya suna ƙirga tsuntsayen da ke kansu. Abin da suka gano shi ne, ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari, har da waɗanda ke ƙetaro Sahara daga Turai duk kaka su yi hunturu a wurinmu, ba kowace bishiya suke sauka a kai ba. Sun fi taruwa a kan 'yan itatuwa kaɗan, galibi masu ƙaya: gawo, da aduwa, da dangin bagaruwa da farar ƙaya. Darbejiya da turare kuwa kusan wayam. Dalilin ba boyayye ba ne ga manomi. Mu da kanmu muke zuba ganyen darbejiya a buhun wake don ya kori ƙwari, to tsuntsun da abincinsa ƙwari ne me zai samu a kanta? Jemage da wasu tsuntsaye suna shan 'ya'yanta, gaskiya ne, amma iyakarta ke nan. Itacen da ya kare kansa da ƙaya shi ne ke tara ƙwarin da tsuntsu ke ci, kuma cikin ƙayar nan kurciya ke samun inda za ta yi sheƙa kyanwa ba ta kai gare ta ba. Ya zo a hadisi ingantacce cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Wanda ke son wannan lada ya kamata ya duba ko abin da ya dasa yana ciyar da wani abu.

Wani zai ce shi kyau yake nema, ado yake so a ƙofar gidansa. Ya je ya kalli marga a watan Maris, lokacin da ta zubar da ganye ta rufe kanta da furanni ruwan ɗorawa suna reto a dogayen zarruka. Babu wata fulawar da ake sayowa daga waje da ta fi ta cika ido. Ya shinshina furen gauɗe da yamma. Ya dubi na ɗunɗu, rabi ruwan hoda rabi ruwan ɗorawa. Mai son shinge ga jirga, ana aske ta ta tsaya tsaf, ga lalle mai fure mai ƙamshi da ganyen da matan gida za su ji daɗinsa. Labarin tsiron da ake kira kariya ma ya fi ba da takaici. Wannan tsiro mai kumburarren gindi da jan fure ɗan yankinmu ne, a cikin duwatsu da faƙo yake fitowa ba mai ba shi ruwa. Yau masu lambu a Tailan sun ƙware a kiwonsa, suna fitar da shi kala-kala suna sayarwa duniya a cikin tukwane, mu kuma muna wuce shi a bakin hanya ba ma waiwaye. Sai dai a kiyaye, ruwan jikinsa dafi ne, ba a dasa shi inda yara ke wasa ko inda dabbobi ke kiwo.

Sabara ce aka fi rainawa a cikin duka. Manomi yana ganinta a matsayin abin sharewa kafin shuka, mata su yi wuta da ita, masu jego su yi wanka da ganyenta, shi ke nan. Amma binciken da aka yi a gonakin gero a ƙasar Senegal ya nuna cewa saiwar sabara tana nitsawa can ƙasa inda danshi yake, da dare ta jawo ruwan ta sake shi a saman ƙasa, geron da ke kusa da ita ya sha. Shi ya sa idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, geron da ke gindin sabara yake daɗewa bai yi yaushi ba. Kalgo ma, wanda muke ɓare ɓawonsa mu yi igiya, an same shi da irin wannan hali. Ƙarƙashinsu kuma nan bushiya da hawainiya da zomo ke fakewa. Manoman Maraɗi sun daɗe da gane darajar irin waɗannan kututture. Tun daga 1983, lokacin da wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara aiki da su a kan abin da ake kira sassaben zamani, suka daina tumɓuke toho. Sai su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kan kowane kututture su bar su, su sare sauran. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawansu ba wanda ya dasa su a leda. Mai sabon fuloti a bayan gari ya kamata ya ɗauki darasi a nan: kafin lebura ya share fili fes, a zagaya a ga me ke tsiro a wurin. Sau da yawa akwai magarya ko aduwa mai tsohuwar saiwa a daidai inda ba gini za a yi ba, kuma za ta riga duk wani dashe girma.

Akwai ƙorafe-ƙorafe, kuma wasunsu gaskiya ne. Ƙaya tana huda ƙafar yaro da tayar babur, don haka mai ƙaya wurinsa jikin katanga ta baya, ko gefen fili, ko iyakar makaranta, a riƙa share ƙasansa ana sare rassan ƙasa. Aduwa tana da jinkiri, sai an yi shekaru kafin a ga 'ya'yanta. Ɗunɗu yana yaɗo ta saiwa, in ba a tsare shi ba zai cinye wuri. Maganar maciji kuwa, ƙazanta da tarin shara da ɓeraye ne ke kawo shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wai itacen daji ne, bai dace da gidan ɗan boko ko harabar ofis ba. Wannan raini ne kawai, kuma shi ne ya sa mai sayar da dashe ba ya wahalar da kansa ya raine su, tunda ya san ba mai tambaya.

A nan ne hukumomi ke da aiki. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya shafi jihohi 11 a Arewacin Nijeriya, daga Kebbi har Borno, kuma akwai gandayen renon dashe na ma'aikatun gandun daji a jihohin. Ya kamata a ware wani kaso na abin da suke rainowa ya zama na waɗannan ƙananan itatuwa, a kuma sa su cikin tsarin sababbin unguwanni da tsakiyar tituna, inda babu mai bin su da tankar ruwa. Rainonsu ba shi da wuya. Irin bagaruwa da jirga da marga yana da taurin ɓawo, sai a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana kafin a shuka. Ƙwallon magarya ana fasa shi a hankali a ciro ƙwayar ciki. Na aduwa a wanke zaƙin a jiƙa shi kwana ɗaya. Tunda saiwarsu ƙasa take nufa da sauri, ba a barinsu su daɗe a leda, kuma idan an dasa sai an kewaye su da bulo ko ƙaya na rani biyu saboda awaki. Yawancin 'ya'yan nan da sanyi suke nuna, don haka wanda ke son ya raba dashen magarya da aduwa a watan Yulin baɗi, a Disamba da Janairun nan zai tura a tara masa iri, a zuba a leda kafin ƙarshen Afrilu.