Gyaran Uwar Ɗaka a Gidan Haya na Legas: A Fara da Tef ɗin Awo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ɗakin nan da kuke gani a Agege yake, a saman bene. Tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa ƙafa 12, taga biyu, ga ƙofar banɗaki a gefe. Na ƙanwata ne da maigidanta. Da aka kawo ta daga Kano, saitin kayan ɗaki cikakke aka haɗo ta da shi: gado, wadrob mai ƙofa shida, madubi, durowar gefen gado guda biyu, har da ɗan benci na ƙafar gado. 'Yan jere sun yi iya ƙoƙarinsu, a tura wannan a matsa wancan, har komai ya shiga. Sai dai matar gida ta rasa inda za ta shimfiɗa darduma, in kuwa za ta buɗe wadrob sai ta hau gado. Yau za mu sake ɗakin da hannunmu, ba mu kira masu adon gida na Lekki ba, ba kuma za mu fasa wa mai gidan haya bango ba.

Kafin ku je kasuwa, ku ɗauko tef. Katifar da muke kira shida-da-shida, in an ɗora ta a kan gado, katakon yakan ƙara mata kusan rabin ƙafa. Ke nan gado ya cinye ƙafa shida da rabi cikin 12. Saura biyar da rabi, a raba hagu da dama, kowane gefe bai kai ƙafa uku ba. Ta ƙafar gado kuma, zurfin wadrob ƙafa biyu ne, abin da ya rage tsakaninsa da gado bai wuce uku da rabi ba, a nan ne kuma ƙofofinsa za su buɗe. Ƙa'idar da nake bi ita ce, duk inda mutum zai wuce a bar masa aƙalla ƙafa biyu. Ga dabara mai arha: ku shimfiɗa tsofaffin jaridu ko kwali a ƙasa daidai girman kowane abu, ku yi kwana ɗaya kuna zagaya su. Inda kuka yi tuntuɓe da kwali, nan za ku riƙa buge gwiwa da katako.

Sannan ku ware wurin salla tun yanzu, kada ku bari sai an gama jere. Alƙibla daga Legas gabas ce, a karkata arewa sosai, kusan digiri 63 daga arewa. Darduma tana son ƙafa biyu da rabi a faɗi, huɗu a tsawo. A ɗakin nan, da muka fitar da benci da durowa ɗaya, sai ga wurin ya fito da kansa.

To, yanzu ku matso ku ga bayan wadrob. Wannan baƙi-baƙin da ke jikin bango fumfuna ce, kuma ita ce babbar abokiyar gabar ɗaki a garin nan. Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ya saba da ƙura da zafi, ya san shanya tana bushewa kafin la'asar. Legas ba haka take ba. Damina takan faro tun wajen Afrilu ta kai Oktoba, ruwan Yuni da Yuli kuwa sai wanda ya gani, iska kuma cike take da danshin teku ko da rani. Duk abin da aka manna shi da bango iska ba ta ratsa bayansa, zai yi gumi, ya yi wari, ya yi fumfuna. Takalmin fata da jakar da aka ajiye wata biyu ba a taɓa ba, sai ka ɗauko ka ga sun yi furfura.

Saboda haka kada a shafa fenti a kan wannan, kwana kaɗan za ta sake ɓullowa. A buɗe tagogi, a sa safar hannu da takunkumi, a tsarma ruwan bilic irin su Hypo ko Jik da ruwa, a goge wurin, a bar shi ya bushe ƙayau, ko da zai ɗauki kwana biyu. Gargaɗi ɗaya: kada a haɗa bilic da maganin wanke masai ko wani sinadari, hayaƙin da yake tashi guba ne. In kun ga fenti yana kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, musamman a bangon da ya raba ɗaki da banɗaki, to ruwa ne ke tsiyaya daga ciki. Wannan ba aikin fenti ba ne, aikin mai gyaran famfo ne, kuma mai gidan haya ya kamata ya sani. Ku ɗauki hoto ku tura masa, ku ajiye, zai yi muku amfani ranar da za ku nemi kuɗin ajiyar da kuka ba shi lokacin kama haya.

Danshin nan shi ya sa ba na son bango mai takardar ado a ɗakin da ba shi da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki. Tana da kyau a hoto, amma gefunanta sukan fara ɗagowa, fumfuna ta samu gida a ƙarƙashi. Fenti ya fi rufin asiri. Ku nemi mai ɗan santsi, wanda masu shago ke kira satin, domin ana iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Lissafinsa ba wuya: bangon ɗaki irin wannan, in an cire ƙofofi da tagogi, bai kai murabba'in mita 40 ba. Lita ɗaya ta fenti mai kyau takan shafe wajen mita 10 a bango mai laushi. Shafi biyu, lita takwas, wato galan biyu masu lita huɗu-huɗu. Wanda ya ce sai kun sayi babban bokiti mai lita 20, to ko dai fentin ruwa-ruwa ne, ko yana da wani ɗakin da zai shafe da ragowar.

Launi kuwa, a nan ni da ƙanwata muka ɗan ja. Ita ruwan hoda take so, maigida ya ce shi ba zai kwana a shagon kwalliya ba. Masu adon gida suna da wani rabo da suke bi, kashi 60, 30 da 10: launi mai sanyi ya mamaye ɗaki, na biyu ya tallafa masa, na uku a ɗiga shi kamar gishiri. Mu mun sa ruwan madara a bango, ruwan ƙasa a katako da labule, shuɗi mai duhu a matasan kai da kan gado. Farin bango yana ƙara wa ƙaramin ɗaki faɗi a ido, balle a Legas da ginin maƙwabci kan tare rabin hasken taga.

Kan gadon da ya zo da saitin mai sassaƙa ne da ruwan gwal, ya yi wa ɗakin nauyi, sai muka kwance shi muka yi namu. Kayan aikin ga su: filawud ƙafa shida da rabi a faɗi, huɗu a tsawo, wanda za ku samu a yanka muku a kasuwar katako ta Mushin, soso mai kaurin inci biyu, gam, yadi mai ƙarfi, da ƙananan ƙusoshi ko sitefula irin ta masu kushin. A manna soso a kan filawud, a kifa shi a kan yadi, a ja yadin ya ɗame. Ku fara bugawa daga tsakiyar kowane gefe ku nufi kusurwa, in kuka fara daga kusurwa yadin zai tattare. A naɗe kusurwoyin kamar yadda ake naɗe goron biki. Sai a jingina shi a bango, gado ya danne shi, ba huda ba ƙusa, ranar tashi a ɗauka a tafi. Yadinmu rinin Ƙofar Mata ne da aka taho mana da shi daga Kano, amma adiren Abekuta ma zai yi, ga shi nan a kasuwar Balogun.

Tunda muna maganar katako: yawancin saitin zamani da MDF ake yin su, wato garin katako da aka matse da gam. Yana da santsi da arha, amma da ya sha ruwa sai ya kumbura, ba ya kuma komawa. In kuna a ƙasan bene a unguwar da ruwa ke shiga gida, ku sa kafinta ya yi wa wadrob da gado ƙafafu, ya ɗaga su inci huɗu zuwa shida. A kuma janye wadrob daga bango kamar faɗin tafin hannu. Namu mai ƙofa shida gida biyu ne aka haɗa, sai muka raba, rabi ya koma ɗakin baƙi.

Sai fitila. Yawancin gidajen haya ƙwai ɗaya ne fari fat a tsakiyar silin, ɗaki ya zama kamar ɗakin haihuwa a asibiti. Ku duba jikin kwalin ƙwan, akwai lamba da harafin K. Mai 6500 shi ne farin nan mai kashe ido, ku bar wa kicin. Na ɗakin kwana 2700 zuwa 3000, mai ruwan zuma. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, ga sauƙi ga mai mitar kati. Ku ƙara ƙaramar fitila a gefen gado, ku samu mai caji, don ranar da aka ɗauke wuta kada a koma laluben tocilan. A kasuwar Alaba za ku same su iri-iri, amma ku sa a gwada a gabanku. Duk abin da ya shafi buɗe soket ko jan waya, a kira mai gyaran wuta, wannan ba ya cikin aikin hannunmu.

Labule a kasuwar Tejuosho da ke Yaba muka yanko. Faɗin yadi ya ninka na taga sau biyu, in ba haka ba zai tsaya kamar zanen da aka shanya. Ku ɗaga sandar sama kusa da silin, labule ya sauko ya kusa taɓa ƙasa, sai ɗakin ya ƙara tsawo a ido. Kashi biyu muka yi, shara-shara na rana, mai kauri na dare, wanda ke rage fitilar maƙwabta da ɗan ƙarar janareto. Af, janareto: kada a taɓa ajiye shi a ƙarƙashin tagar ɗakin kwana. Hayaƙinsa yana kashewa cikin barci, kyan labule ba zai tare shi ba. Ragar sauro ta taga kuma ku duba ta, in ta yage a sauya tun kafin a rataya komai.

Ƙasa tayil ne, don haka ba mu malale shi da kafet bango-bango ba, shi ma matattarar danshi ne. Ƙaramin kafet muka sa wanda za a iya naɗewa a kai shi rana. A bango, faya-fayi uku na saƙar gida masu launi, girmansu daban-daban, muka jera a saman gado da maƙalin da ake mannawa. Tum-tum ɗaya na fata a kusurwa, shi ma a riƙa fitar da shi yana shan iska. Madubin ya koma daura da taga, yana dawo da haske cikin ɗaki.

Ga kaskon turaren wuta can a kan ɗan faranti, nesa da labule, mun kuma janye shi daga sabon fenti don kada hayaƙi ya zana mana baƙi a bango. Ƙanwata ta riga ta shimfiɗa dardumarta. Bencin ƙafar gadon kuwa yana falo, yara sun mayar da shi wurin cin abinci.