Inshorar PPI a Birtaniya: Wanda Ya Taɓa Cin Moriyarta Yana da Haƙƙin Neman Kuɗinsa?

Assalamu alaikum jama'a. Yau za mu leƙa Birtaniya ne, kan wata badaƙala da ta sa bankunan ƙasar suka mayar wa mutane sama da fam biliyan 38 daga shekarar 2011. Sunan abin PPI, wato inshorar da ake manna wa bashi, da alƙawarin cewa idan ka kwanta rashin lafiya, ko ka yi haɗari, ko aka sallame ka daga aiki, kamfanin inshora zai riƙa biya maka bashin na wani lokaci. Hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta ƙiyasta cewa an sayar da irin wannan inshora kusan miliyan 64, galibi tsakanin 1990 da 2010, a kan rance, da katin bashi, da bashin gida, da na mota.

Ita kanta inshorar ba laifi ba ce, yadda aka sayar da ita ne ya zama zalunci. Wani an ce masa in bai saya ba, ba rance. Wani an saka masa ita bai ma sani ba. An sayar wa 'yan fansho inshorar rasa aiki. An sayar wa masu sana'ar kansu, da masu tsohon ciwo, alhali sharuɗɗan da ke cikin takarda sun riga sun cire su. Mafi muni ita ce wadda ake haɗa kuɗinta gaba ɗaya a ɗora a kan rancen tun ranar farko, sai mutum ya yi ta biyan kuɗin ruwa a kan inshorar ma. Ƙungiyar Citizens Advice mai ba jama'a shawara ta kai ƙorafi a 2005, bankuna suka yi ta jan ƙafa, har sai da suka sha kaye a babbar kotu a watan Afrilun 2011. Daga nan ne aka fara biya gadan-gadan.

To, ga tambayar da ta hana mutane da yawa motsi. Mutum ya taɓa rasa aiki, inshorar ta biya masa bashi na wasu watanni. Sai ya ce a ransa, ai na ci moriyar abin, da wane baki zan ce an cuce ni?

Amsar ita ce, cin moriyar bai rufe masa ƙofa ba. Abin da ake dubawa shi ne abin da ya faru ranar ciniki: me aka gaya maka, me aka ɓoye maka, kuma da an yi maka bayani na gaskiya, za ka saya? Rashin lafiyar da ta same ka bayan shekara uku ba za ta wanke ƙaryar da aka yi maka a ranar farko ba. Idan an ce maka dole ce alhali ba dole ba ce, wannan na nan. Idan an ba ka inshorar shekara biyar a kan rancen shekara goma ba a faɗa maka ba, shi ma yana nan.

Amma a faɗi gaskiya, akwai hujjojin da suke raunana. Wanda ya cike takarda ya nemi inshora ta biya masa, da wuya ya dawo ya ce bai san yana da ita ba. Haka wanda aka biya masa ba zai ce sharuɗɗan sun cire shi ba. Don haka mai irin wannan ƙorafi sai ya tsaya a kan abin da ya faru da gaske, kada ya kwafi wasiƙar wani daga intanet wadda ta ce abin da takardun banki za su ƙaryata.

Inda abin ya fi canzawa shi ne lissafi, kuma a nan za mu ɗan daɗe.

Ƙa'idar diyyar ita ce a mayar da kai matsayin da za ka kasance da ba ka sayi inshorar ba. Saboda haka ana dawo maka da duk abin da ka biya na inshorar, da kuɗin ruwan da banki ya ɗora a kansa, sannan a ƙara kashi 8 cikin 100 na kowace shekara saboda an riƙe maka kuɗi. Sai dai da ba ka saya ba, ai da ba a biya maka komai ba lokacin da ka rasa aiki. Shi ya sa ƙa'ida ta yarda banki ya cire abin da inshorar ta biya maka.

Mu ɗauki misali. A ce kuɗin inshora da ruwansa sun kai fam 3,000, ƙarin kashi 8 ɗin ya kai fam 1,200. Jimilla fam 4,200 ke nan. A ce ka yi wata 6 ba aiki, inshora tana biyan fam 150 duk wata, wato fam 900. A cire 900 daga 4,200, saura fam 3,300. Ainihin lissafin banki ya fi haka sarƙaƙiya, domin ranakun da aka biya kowane kuɗi suna shafar ƙarin, amma ga dai siffar abin. Mutumin da ya yi shiru don kunya, irin wannan kuɗi ya bar wa banki.

Yanzu a juya misalin. A ce inshorar ta biya fam 400 duk wata har wata 12, fam 4,800 ke nan, ya zarce 4,200. A nan banki zai iya amsa laifinsa, amma ya ce babu ko kwabo da zai ba ka, domin abin da ka karɓa ya fi abin da ka biya. Abin da ciwo, amma ni dai ban ga rashin adalci a wannan ba. Sannan idan akwai bashin da ya taru maka a wannan asusun, banki kan fara cike wannan gurbin kafin ya miƙo saura.

Akwai kuma ƙofa ta biyu, wadda wata mata ta buɗe. Susan Plevin ta karɓi rancen fam 34,000 a 2006, aka ɗora mata inshorar fam 5,780. Daga baya ta gano cewa kashi 71.8 cikin 100 na wannan kuɗi kamasho ne. Fam 1,630 kacal ya isa hannun kamfanin inshora, sauran fam 4,150 mai ba da rance da dillali suka raba, kuma ba wanda ya gaya mata. A watan Nuwamban 2014 kotun ƙolin Birtaniya ta ce ɓoye kamasho mai yawa haka ya sa mu'amalar ta zama ta rashin adalci. Bayan hukuncin, FCA ta ja layi a kashi 50. Duk abin da ya haura haka ba a faɗa maka ba, a dawo maka da shi. Matsakaicin kamashon da bankuna ke karɓa ya kai kashi 67, ke nan a kowane fam 100 da ka biya, fam 17 ne zai dawo, tare da ƙarinsa.

Wannan ƙofar ta fi dacewa da wanda ya taɓa cin moriya, domin a nan ba a warware cinikin ba. Inshorar taka ce, ka biya, ta yi maka aiki. Rarar kamashon da aka ɓoye kawai ake mayarwa, don haka ba a cire abin da inshorar ta biya maka. Kuɗin bai kai na cikakkiyar diyya ba, amma mutumin misalinmu na biyu, wanda aka ce ba shi da komai, zai iya samun wani abu ta nan.

To yau ina aka kwana? FCA ta sa wa'adin ƙarshe na kai ƙorafi ga banki, 29 ga Agustan 2019, kuma ya wuce. Ga mafi yawan mutane, hanyar nan ta kyauta, wadda banki ke da mako 8 ya amsa, in ba ka gamsu ba ka garzaya ofishin Ombudsman mai raba gardama tsakanin jama'a da bankuna cikin wata 6, ta rufe. Ana sauraron wanda ya makara ne kawai in yana da uzuri mai ƙarfi, kamar matsananciyar rashin lafiya. Wa'adin bai shafi wanda ƙorafinsa shi ne ya nemi inshorar ta biya aka ƙi ba, wannan magana ce dabam da ta sayarwa.

Abin da ya rage shi ne kotu, a kan batun kamasho. A 2023 kotun ƙoli ta yanke hukunci biyu da suka taimaki masu ƙara. A shari'ar Smith da Burrell da bankin RBS, ta ce shekara 6 da doka ta bayar don shigar da ƙara a Ingila da Wales tana fara ƙirguwa ne daga ranar da mu'amalar bashin ta ƙare. A shari'ar Potter da kamfanin Canada Square, inda kamasho ya haura kashi 95, ta ce idan da gangan aka ɓoye, lokaci ba ya fara tafiya sai mutum ya gano ko ya kamata a ce ya gano. Sai dai kotu ba kyauta ba ce, kuma lauyoyin da ke cewa sai an ci za ka biya suna yankar kaso mai tsoka. Kafin ka sa hannu, ka tambayi nawa za su cire, kuma wa zai biya kuɗin shari'a in aka faɗi.

Ga 'yan'uwanmu mazauna Landan ko Manchester, da waɗanda suka yi aiki a can suka dawo gida, waɗanda aka riga aka biya, ku ɗauko wasiƙar diyyar ku duba. Banki kan cire harajin kashi 20 daga ƙarin kashi 8 ɗin nan kafin ya biya. Ana rubuta wannan ƙarin dabam a wasiƙar, saboda haka wanda yake son jin hukuncinsa a wajen malamai zai ga adadinsa a fili. Wanda kuɗin shigarsa bai kai na biyan wannan haraji ba yana iya neman a dawo masa da shi daga hukumar haraji ta HMRC ba tare da ɗan tsakiya ba, da fom mai suna R40 in yana zaune a Birtaniya. Shekara 4 ake da ita daga ƙarshen shekarar harajin da aka biya diyyar, kuma shekarar haraji a Birtaniya tana ƙarewa ne ranar 5 ga Afrilu.