Darasi: mashigin teku a duniyar da ka ƙirƙira da kanka

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma daga nan Nima, cikin Ankara ta Ghana. To yau taswirar mashigin teku za mu yi, wato siririyar hanyar ruwa da ta haɗa tekuna biyu, kowa ya jawo kwali da biro. Na duba zanen da ƙannenmu masu rubuta labaran aljanu da dodanni suka turo ta WhatsApp, wallahi kun yi ƙoƙari, amma kusan kowa layi biyu ya ja ya shafa shuɗi a tsakiya ya ce ga mashigi. A'a ƙanena, da saura.

Ga nawa nan, ku matso da ido. Na sa masa suna Maƙoshin Dodo. Hagu babban teku ne mai sanyi, dama kuma ƙaramin teku ne da ƙasa ta zagaye shi, rana na dukansa shekara duka, koguna kaɗan ke zuba a ciki.

Faɗi za ka fara yankewa, don shi zai gaya maka wa ke da iko. Mashigin Jibraltar, tsakanin Maroko da Sifaniya, wajen kilomita 14 ne a inda ya fi matsewa, igwar zamanin da ba ta kai tsallake, sai mai jiragen yaƙi ne zai iya tare shi. Amma Bosforus na Istanbul wajen mita 700 ne kawai a wuyansa, shi ya sa Sultan Muhammadu na biyu ya gina ganuwa daidai wurin a 1452, shekara ta zagayo ya ci birnin. Sarakunan Danmak kuwa kuɗi suka mayar da nasu, daga 1429 har 1857 suna karɓar haraji daga jiragen da ke wucewa, faɗin wurin wajen kilomita 4. Ni kilomita 3 na ba nawa, don ina son sarki mai kwaɗayi a labarin, in ka ba shi 30 to sarkinka sai dai ya yi kallo.

Sai ruwan kansa, kuma nan ne nake so mu daɗe. Tunda rana na shanye ƙaramin tekun, dole ruwa ya riƙa shigowa daga babban ya cike gurbi, ta sama yake shigowa, shi kuma na ciki gishirinsa ya yi yawa ya yi nauyi sai ya nutse ya fita ta ƙasa, kun ga ruwa biyu ke nan a hanya ɗaya, kowanne da inda ya dosa. Ba ni na ƙago ba, haka yake tsakanin Atlantika da Bahar Rum. Ku ga na ja kibiya ja a sama tana kallon dama, baƙa a ƙasa tana kallon hagu.

To me ya biyo baya? Jirgin da iska ke turawa zai shiga cikin sauƙi, fitowa ce aiki, sai ya jira iskar gabas, wani lokaci makonni. Mutumin da ke jira kuwa zai ci, zai kwana, zai ci bashi, wani ma ya yi aure. Ai haka zango yake farawa, fatake sun sauke kaya, maigida ya ba su masauki, dillali ya shigo, kafin ka ankara an yi masallaci da kasuwa. Saboda haka babban birnina yana ɓangaren ciki ne, nan inda na ɗiga, bakin waje kuwa 'yan masunta ne kawai da hasumiyar wuta. Da yawa kuna ajiye birni inda ya yi muku kyau a takarda, ni dai ban yarda da wannan ba.

Dodon fa? Kar ka jefa shi tsakiya haka kawai. Inda ruwa biyu ke gogar juna nan kifi ke taruwa, to nan zai yi kiwo. Na kuma sa ɗan tsibiri da ya raba hanya biyu kamar tsibirin Perim a mashigin Babul Mandab, bakin Bahar Maliya, ɗaya mai zurfi ta dodo, ɗaya marar zurfi ƙarƙashin ganuwar sarki, matuƙi ya zaɓi wanda zai biya.

In kana son ganin yadda yashi ke toshe baki yana canza wuri, hau mota ka je Ada Foah inda kogin Volta ke shiga teku, ka tambayi masu kwale-kwale inda suke bi bana.

Aikin gida: faɗi, kibiya biyu, birni ɗaya, ku ɗauki hoto ku turo kafin Juma'a, kuma don Allah a ɗauka da rana, na wancan satin rabi duhu ne.